Harbi na Biyu

Ranar 28 ga Janairun 1962, a mahaƙar kuza ta Kamativi, kusa da kogin Gwaii a ƙasar da ake kira Rodeshiya ta Kudu a lokacin, wato Zimbabuwe ta yau, ƙudan zuma suka far wa wani mutum mai suna Johannes Relleke. Da ƙura ta lafa, aka zauna ana tsince ƙarin da suka bari a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirgawa. Aka samu 2,443. Mutumin kuma ya tashi. Littafin Guinness ya ajiye sunansa a matsayin wanda ya fi kowa shan harbin zuma a karo guda ya rayu.

To ga ɗaya gefen. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, ta lissafa mutum 1,109 da harbin zuma da rina da danginsu suka kashe a ƙasar daga 2000 zuwa 2017. Kimanin 62 ke nan kowace shekara, kuma takwas cikin goma maza ne. Irin wannan mutuwa galibi ba tarin ƙudaje ke kawo ta ba. Harbi ɗaya ne, ko biyu, a wuya ko a hannu, mutum yana cikin aikinsa, kafin a nemo mota ya cika.

In ka ba mai amya a bakin kogin Komadugu waɗannan labarai biyu, zai gyaɗa kai ya ce wancan da sauran shan ruwansa, waɗannan kuwa kwana ya ƙare. Ban musa ba. Sai dai kowane ajali da sanadinsa, kuma wannan sanadin yana da suna. Wani kare ne ya mutu a birnin Paris aka gano shi, kuma labarin ya faro ne a teku, daura da gaɓar Afirka ta Yamma.

A damunar 1901 Yarima Albert na Farko, mai sarautar Monako, ya ɗaga da jirgin ruwansa mai suna Princesse Alice II zuwa tsibiran Kef Bade da Azores. Monako ƴar mitsitsiyar ƙasa ce a bakin Bahar Rum, arzikinta kuma a wancan lokacin daga gidan cacar Monte Karlo yake fitowa. Shi Yariman bai damu da caca ba, teku ce ta ɗauke masa hankali, ya mai da jirginsa ɗakin bincike, yana kwasar masana yana yawo da su. A wannan tafiya ya gayyaci mutum biyu daga Paris. Ɗaya Charles Richet, babban farfesa a makarantar likitanci, mai shekara 50 da ɗoriya, wanda sunansa ya riga ya kai ko'ina. Ɗayan kuma Paul Portier, mai shekara 35, mataimaki ne kawai a ɗakin bincike na jami'ar Sorbon.

A ruwan da ke kewaye da Kef Bade akwai wata halitta da masana ke kira Physalia. Kamar mafitsarar rago ce da yara suka hura, shuɗiya-shuɗiya, tana yawo a saman ruwa duk inda iska ta kaɗa ta, a ƙarƙashinta kuma ga zaruruwa masu tsawon mita goma ko fiye suna reto. Duk kifin da ya gogi zaren nan sai ya sandare. Matuƙin jirgin da ya taɓa shi kuwa sai ya ji kamar an tsula masa bulalar wuta. Aka ba baƙin nan biyu aikin gano abin da ke cikin dafin. Suka niƙa zaruruwan, suka tace, suka yi wa tantabaru da agwagi da kwaɗi allura, suka ga dabbobin suna yin laushi suna gyangyaɗi har su mutu. Suka rubuta abin da suka gani, jirgi ya juya gida.

Da nan abin ya tsaya da ba wanda zai tuna da tafiyar. Amma zamanin riga-kafi ne. Pasteur ya yi wa cizon mahaukacin kare allura a 1885. Calmette ya fito da makarin dafin maciji a tsakiyar shekarun 1890. A shekarar 1901 ɗin nan ma aka ba Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci saboda maganin mashaƙo. Kowane masani a Turai ya haddace ƙa'ida ɗaya: ba jiki guba kaɗan, ya saba, gobe in babbar ta zo ya tare ta. Mu ma ai ba baƙon tunani ba ne gare mu. Shi ne abin da gardi ke nufi in yana wasa da kububuwa a kasuwa yana cewa ya sha makari, shi ne kuma abin da tsohon mai ɗibar zuma ke nufi in ya ce jikinsa ya ƙoshi da harbi.

Da suka koma Paris babu Physalia, sai suka koma kan wata ƴar'uwarta, halitta mai kama da fure da ke manne wa duwatsun gaɓar teku, ita ma da dafinta. Suka tara karnuka. Suka fara gano adadin da ke kashe kare, suka lura kuma dafin ba ya gaggawa, sai ya ɗauki kwanaki kafin ya kayar da dabba. Karnukan da aka ba kaɗan suka yi ƴar jinya suka miƙe, sai aka ajiye su a gefe, da tunanin waɗannan sun samu garkuwa, in an ƙara musu ko gezau ba za su yi ba.

Sai abin ya juye. Waɗanda suka warke ɗin nan, da aka sake yi musu allura bayan makonni, su ne suka riƙa faɗuwa nan take. Masanan suka ɗauka kuskure ne, ko an haɗa maganin ba daidai ba, ko an ruɗa karnukan. Wa zai yarda cewa riga-kafi na iya zama sanadin mutuwa? Suka ƙudura su sake gwajin a tsanake, da kare lafiyayye wanda ba a shakkar komai game da shi.

Sunansa Neptune, ƙato ne mai ƙoshin lafiya. A tsakiyar Janairun 1902 aka yi masa allurar dafi kaɗan. Ya shanye abinsa, ya ci gaba da cin abinci da wasa kamar ba a yi ba. Aka bar shi mako uku da ƴan kwanaki. Ranar 10 ga Fabrairu aka sake ba shi ɗan kaɗan, adadin da in sabon kare aka yi wa, iyaka ya yi atishawa ya yi susa. Cikin daƙiƙu Neptune ya fara haki. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya ja jiki, ya kwanta a gefe guda. Zawo ya ɓarke masa, ya yi aman jini, hankalinsa ya gushe. Minti 25 da yin allurar ya mutu.

Bayan kwana biyar, ranar 15 ga Fabrairu, Portier da Richet suka kai rahoto gaban ƙungiyar masana ilmin halittu ta Paris. Abin sabo ne, ba shi da suna, sai suka ƙera masa daga Girkanci: anafilaksi. Ma'anarsa kishiyar tsaro. In da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da ya ce kishiyar riga-kafi. Abin da suka nuna shi ne, dafin farko bai kashe karen ba, bai kuma kare shi ba. Ya dai bar wa jikinsa wani tuni, kuma tunin nan ne ya kashe shi.

A 1913 aka ba Richet kyautar Nobel saboda wannan aiki, shi kaɗai. Portier, wanda sunansa ne ma a gaba a kan rahoton farko, bai samu komai ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Tun da muna maganar mutumin, bai kamata a ɓoye ba: Richet ɗin nan ya wallafa littafi a 1919 yana ƙasƙantar da baƙar fata da nakasassu, har a 2015 aka cire sunansa daga wani asibiti a Villiers-le-Bel, kusa da Paris. Ilmin da ya bari yana ceton jikokin mutanen da ya raina, ko ya so ko bai so ba. Shi kuwa Portier ya yi tsawon rai, ya kai shekara 95. Ya rasu ranar 26 ga Janairun 1962, kwana biyu kafin ƙudan zuma su rufe Relleke a Kamativi.

Sai a shekarun 1966 da 1967 aka gano ainihin abin da ke ajiye tunin, lokacin da Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, suka ware wani sinadari a jini da aka sa wa suna IgE. Ga yadda abin yake ga mai shan harbi. Ƙudan zuma in ta yi harbi takan bar ƙarinta da jakar dafin a fata, ita ta tafi ta mutu, jakar kuma ta ci gaba da matsa dafi ciki. Abin da ke shiga bai taka kara ya karya ba, tsakanin maikirogiram 50 da 140 ne. Kusan rabinsa wani sinadari ne mai suna melitin, shi ke kawo zogin nan. Ga yawancin mutane nan zancen ya ƙare: zafi, ɗan kumburi, ƙaiƙayi, shi ke nan. Amma a jikin wasu, garkuwar jiki takan ɗauki wani ɓangare na dafin a matsayin babban abokin gaba, ta ƙera masa IgE, ta liƙa shi a kan wasu ƙwayoyin halitta masu cike da sinadarin histamin, waɗanda ke jibge a fata da maƙogwaro da huhu da hanji da gefen jijiyoyin jini. Mutum ba ya jin komai. Yana iya yin wata shida ko shekara biyar a haka. Ranar da dafin ya sake shigowa, sai ƙwayoyin nan su fashe gaba ɗaya, ko'ina a jiki, lokaci guda.

Manomin tattasai zai fi kowa gane abin da ke biyo baya. Ka ɗauka an fasa bakin kowane fangali a gona a lokaci ɗaya. Ruwa zai bazu ko'ina, babbar hanyar ruwan ta ƙafe, injin ban ruwa ya koma jan iska. Haka jijiyoyin jini ke saki su buɗe, ruwan jini ya tsiyaye cikin tsoka, zuciya ta yi ta bugawa ba abin da ke dawo mata. A lokaci guda maƙogwaro na kumbura, hanyoyin iska na matsewa.

Kenan mutuwar harbi iri biyu ce, kuma haɗa su ne ke ruɗa mutane. Akwai ta yawan dafi, inda gubar da kanta ke aiki. Masana na ƙiyasta cewa sai harbi ya kai dubu ko fiye yake kashe babban mutum lafiyayye kai tsaye, ko da yake ƴan ɗaruruwa ma kan lalata ƙoda bayan kwana ɗaya ko biyu, fitsari ya koma kalar shayi, kuma yaro da tsoho ba sa jure abin da ƙato zai jure. Irin wannan ce Relleke ya tsallake. Irinta ce kuma ta auka wa ayarin Mungo Park ranar 26 ga Mayun 1805, a hanyarsa daga Gambiya zuwa kogin Kwara, tafiyar da ta ƙare da halakarsa a Busa, ƙasa da Yawuri. Mutanen ja-gabansa ne suka je neman zuma suka tsokano gida guda. Ƙudan suka watsa sojoji da dabbobi, wutar girki da aka gudu aka bari ta kama gora ta kusa cinye kayan tafiya, ayarin ya yi asarar jakuna shida da doki. Ƙudan zumar ƙasashenmu haka take, ba ta da haƙurin ta Turai. Ƙarin da ta bari a jiki yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba, wanda ke kiran ƴan'uwanta su zo su ƙara a wurin.

Wannan kowa ya san ta, kowa yana tsoronta. Ta biyun, irin ta Neptune, ita ce ba a gani.

Mu dawo bakin Komadugu, jihar Diffa ta Nijar. Diffa ba garin zuma ba ne a bakin mutane. In ana zancen zuma a Nijar, Gaya da Makalondi da Tamu da Magariya da Matamaye ake ambata. Diffa tattasai aka san ta da shi, da bandar kifin tafkin Chadi. Amma ƙudan zuma ba ta tambayar sunan gari, ruwa da fure take bi. Komadugu kuwa, wanda ruwansa ke tasowa daga kogunan Haɗeja da Jama'are ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyakar Nijar da Najeriya na kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa tafki a wajen Bosso, shi ne koren zare guda a cikin wannan ƙasa mai rairayi. Ga tsamiya da magarya da aduwa da bagaruwa, ga dakwara mai ba da ƙaro, ga gawo da ke fure da rani lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe, ga lambunan tattasai da albasa. Duk inda waɗannan suke, akwai zuma a kogon itace, akwai kuma wanda ya san hanyar ɗibarta.

Wa ya fi shiga haɗari a cikin mutanen da ke kewaye da amya? Hankali zai ce wanda ya fi shan harbi. Bincike ya ce akasin haka. A 1984 Jean Bousquet da abokan aikinsa a Monfeliye, kudancin Faransa, suka bi masu kiwon zuma suna tambayarsu. Cikin waɗanda ke shan harbi ƙasa da 25 a shekara, kusan 45 cikin 100 sun taɓa yin borin da ya game jiki. Cikin waɗanda ke shan fiye da 200 a shekara kuwa, ba a samu ko ɗaya ba. Ashe tsohon da ya ce jikinsa ya ƙoshi da harbi yana da gaskiyarsa. Yawan harbi a kai a kai yana koya wa jiki haƙuri. Sai dai haƙurin haya ne, ba mallaka ba. Masu bincike a Dabos ta ƙasar Suwizalan sun nuna a 2008 cewa jikin mai kiwon zuma yakan koma haƙuri cikin mako guda da fara shan harbin sabuwar kaka, kuma haƙurin yakan zube bayan wata biyu zuwa uku da daina shan harbin. Saboda haka harbin farko bayan dogon hutu shi ne abin tsoro, ko ga gwani.

A kawo wannan lissafi bakin kogi a gani. Mutumin da ke da amya uku ko huɗu a kan tsamiya, yana hawa sau ɗaya ko biyu a shekara, yana cikin rukunin ƙasa da 25. Haka matarsa, wadda ke matse saƙar tana tace zuma a tsakar gida, ƙudaje na bin ƙanshi, tana kuma wanke rigar da dafi ya bushe a jikinta. Haka yaron da ke tsaye a gindin itace yana riƙe da ƙwarya. Haka ƴan matan da ke ɗibar ruwa a rijiya ko famfo da bazara, lokacin da Komadugu ya ƙafe ƙudan zuma suka koma shan ruwa inda mutane ke sha. Haka mai sayar da gari ko rake a kasuwa, wadda ƙudan ke yi wa rumfa a kan tasa. Ga kuma sabon shiga, wanda wani shirin tallafi ya ba akwatin zuma na zamani da riga mai raga da abin hayaƙi. Rigar tana kare shi, madalla, amma tana kuma ajiye shi a cikin masu shan harbi jefi-jefi. A ganina duk wanda ya raba akwati da riga bai zaunar da mutane ya gaya musu wannan ba, rabin aiki ya yi.

Sannan ga yadda ake ɗibar zumar gargajiya: da dare, a saman itace, da damin ciyawa mai wuta a hannu ɗaya. Alamar farko ta wannan bori sau da yawa jiri ce da duhun gani. Mutumin da jiri ya kama a reshen kuka cikin duhu faɗowa zai yi, gari ya waye a ce santsi ne, ko a ce itacen yana da masu shi.

Hausawa sun ce ba a shan zuma sai an sha harbi, kuma karin maganar nan ta yi wa masu wannan lalura illa, don ta mai da ƙorafi abin kunya. Kumburi a inda aka harba, ko da hannu ya yi suntum har kwana biyu, yawanci ba shi ne abin tsoro ba, sai fa in a cikin baki ko maƙogwaro aka yi harbin. Abin lura shi ne alamar da ta fito nesa da wurin. An harbe ka a ƙafa, tafin hannunka da fatar kanka suna ƙaiƙayi. Borin jini ya feso a ƙirji da baya. Leɓe ko harshe ya yi nauyi, murya ta dushe, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi yana fito. Ciki ya murɗa, amai ya taso. Wasu kuma babu ko ɗaya daga ciki, sai dai su ji duniya na juyawa su zube. Babban mutumin da ya taɓa yin haka ya farfaɗo, uku zuwa shida cikin goma za su sake yi in an ƙara harbinsu. Shi wannan mutumin ya riga ya sha allurar Neptune ta farko. Masu ciwon zuciya da masu shan wasu magungunan hawan jini abin ya fi tsananta gare su.

Wani likita a Manchesta ta Ingila, Richard Pumphrey, ya bi takardun mutanen da anafilaksi ya kashe a Birtaniya, ya wallafa abin da ya samu a 2000. Ga waɗanda harbi ne sanadinsu, matsakaicin lokaci daga harbi zuwa tsayawar zuciya ko numfashi minti 15 ne. A auna minti 15 da hanyoyin jihar Diffa. Daga Bosso zuwa babban asibitin jiha kusan kilomita 100 ne. Daga gonar da ke bakin kogi zuwa ƙaramin gidan likita mafi kusa, tafiyar rairayi ce ko ta laka. Bayan harin da aka kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur a lokacin, wanda shi ne motar asibitin talaka. Mutumin da maƙogwaronsa ke rufewa ba zai jira amalanke ba.

Pumphrey ya sake lura da wani abu da ya wallafa a 2003, kuma wannan ba ya buƙatar ko dala. Wasu daga cikin mamatan sun cika ne cikin daƙiƙu bayan an tayar da su zaune ko tsaye. Ɗan jinin da ya rage yana komawa zuciya sai ya gangara ƙafafu, injin ya ja iska, ya tsaya. Abin takaici, wannan shi ne abin da tausayi ke sa mu yi: mu ɗago mutum, mu jingina shi da bango, mu ɗura masa ruwa ko nono, mu kama shi mu ce daure ka taka. Wanda jiri ya kama bayan harbi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ɗauke shi a kwance. In numfashi ne ya fi damunsa, ya zauna da ƙafafu a miƙe, kada ya tashi tsaye. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Ƙarin kuma a fitar da shi nan take ta kowace hanya, da farce ko da yatsu biyu. Wani gwaji da aka buga a mujallar Lancet a 1996 ya nuna saurin cirewa ne ke rage dafi, salon cirewar ba ya canja komai.

Makarin gaskiya guda ɗaya ne, adirenalin. Abin mamaki, a daidai lokacin da jirgin Yarima ke shawagi a Kef Bade, wani masani ɗan Japan mazaunin Niyok, Jokichi Takamine, ya riga ya tace sinadarin, an fara sayar da shi a 1901. Cutar da maganinta kusan tare suka zo duniyar ilmi. Adirenalin yana ɗaure jijiyoyin da suka saki, ya buɗe hanyar iska, ya ƙarfafa zuciya, cikin mintuna. Babban mutum rabin miligiram ake yi masa, wato rabin ƴar kwalbar nan mai miligiram ɗaya, a tsokar cinya ta waje, ba a jijiya ba. In bayan minti biyar bai farfaɗo ba a ƙara. Yara nasu ya fi haka ƙanƙanta, gwargwadon shekaru. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi da allurar rage kumburi, waɗanda aka fi saurin miƙa hannu gare su, ba sa riƙe jinin da ke zubewa, kuma kafin su fara aiki an gama. Toka da kanwa da albasa da ake shafawa a wurin harbi iyakarsu fata. Ko mutum ya warware bayan allura, a kai shi asibiti a sa masa ido, don borin yakan dawo bayan sa'o'i.

Akwai sauran labarin, kuma shi ne ya fi ba ni dariya mai ɗaci. Tun wajen 1930 likitocin Amurka suke yi wa masu wannan lalura riga-kafi da ruwan ƙudan zuma da aka niƙa ɗungurungum, kai da ƙafa da fiffike. Kusan shekara 50 ana haka, kowa ya gamsu. Wata likita a Niyok, Mary Loveless, ta yi ta faɗa tun shekarun 1950 cewa dafin zalla ya kamata a yi amfani da shi, har tana kama rina da kanta tana cire musu jakar dafi, ba a saurare ta ba. Sai a 1978 likitocin jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo suka raba majinyata kashi uku, suka yi musu magani, sannan suka sa ƙwari suka harbe su a asibiti da gangan. Cikin 12 da aka yi wa allurar da ba komai a cikinta, 7 suka yi bori. Cikin 11 da aka ba niƙaƙƙen ƙwaro, 7 suka yi. Cikin 18 da aka ba dafi zalla, mutum ɗaya ne kawai. Ashe abin da Portier da Richet suka nema a kan karnukansu yana yiwuwa, hanyar ce suka kuskure. Ana farawa da ɗigon da bai kai a kira shi ɗigo ba, a riƙa ƙarawa a hankali har a kai maikirogiram 100, kwatankwacin harbi ɗaya zuwa biyu, sannan a riƙa maimaitawa kusan kowane wata har shekara uku zuwa biyar. Ga dafin zuma, kimanin takwas cikin goma suna samun kariya. Likita ne ke yi, da adirenalin a gefensa. Wanda ya ce zai kwaikwayi abin a gida da ƙudan zuma mai rai, gwajin 10 ga Fabrairu yake maimaitawa a kan kansa.

Wannan magani na manyan asibitocin masu hali ne, kuma Diffa ko daga Yamai tana da nisan fiye da kilomita 1,300. Alƙalamin adirenalin da Turawa ke yawo da shi a aljihu, irin su EpiPen, kuɗinsa ya fi ƙarfin mai amya huɗu. Abin da ke kusa da hannu shi ne ƴar kwalbar gilashin, wadda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai araha ce kuma. Mutumin da ya taɓa yin borin da ya game jiki, gaskiyar da za a gaya masa ita ce ya bar wa ƙaninsa hawan itacen, a kuma matsar da amya nesa da gida. In ya ce ba zai iya rabuwa da sana'ar ba, to ya je gidan likita tun kafin lokacin ɗiba, ya faɗi abin da ya same shi ba tare da jin kunya ba, a koya wa wanda zai tsaya masa a gindin itace yadda ake jan adirenalin da yadda ake soka allurar. Ya tambaya kuma ko akwai maganin a ɗakin, a fito da shi ya gani da idonsa. Adirenalin ba ya son zafi, ba ya son haske, zafin Diffa a watan Afrilu da Mayu kuwa yana wuce digiri 40. A ajiye kwalbar cikin kwalinta a inuwa, a duba ranar ƙarewarta, a ɗaga ta sama a kalla. Mai kyau garau take kamar ruwan sha. In ta fara komawa ja-ja ko kalar shayi, a nemo wata.